Shuni a Kan Ƙulli

Sufayen haikali ne suka fara lura. Da sanyin safiyar Laraba suka biyo layin gidajen ƙauyen Non Kham da kwanoninsu na karɓar sadakar abinci, suka tsaya a ƙofar Yai Thongsa, ba ta fito ba. Tsohuwar da ko zazzaɓi ya kayar da ita sai ta lallaɓo ta sa musu curin shinkafa mai danƙo. Maƙwabciyarta Mae Buasi ta leƙa ta kan shinge tana ƙwala mata kira cikin tsokana, wai ko ta yi sabon miji ne aka makara. Kiran bai kai ƙarshe ba ya koma ihu.

Kafin rana ta yi zafi Laftanar Wanpen ta iso daga ofishin 'yan sanda na gundumar Wang Hin Lat, ita da Saje Khamphong, wani tsohon hannu da ya fi damuwa da cikinsa a kan kowane bincike. Tsohuwar na kwance rigingine, ƙeyarta a kan dakalin simintin da aka girke randar ruwa. Gidan irin namu ne na katako, a ɗage kan dirkoki, ƙarƙashinsa masaƙa da tukwanen rini.

"Faɗuwa ce," in ji Saje. "Ta haura saba'in, ga tsani duk ya ci ya cinye. Mu rubuta mu je mu karya, ranki ya daɗe."

"Wanda ya zame a tsani, a gindin tsani yake faɗuwa. Ɗaga kanka."

Ya ɗaga. Katakon da ya kewaye baranda ya karye ya yi waje, daidai saitin gawar, can nesa da tsanin. Saje ya daina maganar karyawa.

Wanpen ta durƙusa ta duba hannayen. Shuni ya rine su har wuyan hannu, ya bushe ya yi ɓawo tsakanin yatsu. A ƙarƙashin gida ta tarar da tukunya ɗaya a buɗe, kumfarta ta mutu, wani ɗaurin zare rabi a ciki rabi yana rataye a baki. Uwarta mariniya ce, a gindin irin waɗannan tukwane ta yi rarrafe, kuma ba ta taɓa ganin mariniyar da ta bar tukunyarta ta kwana a buɗe ba. Wani ne ya katse wa tsohuwar aiki, ta tashi da niyyar dawowa yanzun nan.

A saman baranda akwai tabarma, da 'yar wuƙa, da curin farin zaren auduga. A jikin curin an bar sawun yatsu, shuɗi.

Kowa ya san Yai Thongsa da ɗaurin kurwa. Ba mai hawa barandarta ya sauka hannu haka. Mai shirin tafiya, mai ciwo, wanda zuciya ta ɓaci, sai ta kama wuyan hannunsa ta ɗaura masa farin zare tana kiran kurwarsa ta dawo jiki ta zauna. Wanpen ta sa curin a leda, ta leƙo ta tambayi Mae Buasi yaushe ta gan ta a ƙarshe.

"Jiya da yamma, wajen ƙarfe huɗu, zan tafi haikali. Tana buɗe tukunya ke nan. Ai ba ta rini sai rana ta yi sanyi. Na ce mata, tsohuwa, hannun nan naki ko a lahira za a gane ki da shi. Wayyo bakina, da na sani..."

Ana cikin haka Dagaci Sawaeng ya iso a kan babur. Dattijo ne mai sanyin magana, ya shekara goma sha yana riƙe da ƙauyen ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Yana sanye da kakinsa mai dogon hannu, ya ɓalle maɓallan har wuyan hannu, a wannan zafi na watan Afrilu da ko kare ba ya fitowa daga inuwa. Ya tsaya nesa da gawar ya haɗa tafukansa ya sunkuya.

"Baba Dagaci, yaushe rabonka da ita?"

"An fi mako, 'yata. Hidimar matata ta hana ni zagayawa." Ya share gumi. "Ba na son in ɗora wa kowa, amma gara ki ji daga bakina. Bunthan ya zo nan jiya. Ranar kasuwa kuma kowa ya ji shi yana cewa tsohuwar nan ta sayar da 'yarsa, sai ya ga bayanta."

"Ta sayar da ita yaya?"

"Maganar kujerar likita ce."

Ga yadda abin yake. Makarantar likitoci ta yankinmu tana ware kujera ɗaya duk shekara wa kowace gundumar karkara, bisa sharaɗin wanda ya samu zai dawo ya yi aiki a asibitin gundumarsa. Namu asibitin likita ɗaya gare shi, shi ma kullum takardar neman canji na aljihunsa. Yaron birni da dubbai yake takara, ɗan karkara da 'yan tsirarun yaran gundumarsa kawai. Abin da ake nema shi ne sunanka ya shekara biyar a rajistar wani gida na gundumar, kuma a tabbatar a nan kake zaune. To, masu hannu da shuni na birni ba wawaye ba ne. Tun yaro na ƙaramar sakandare ake nemo masa kaka a ƙauyen da bai taɓa taka ƙasarsa ba.

A bana wanda ya zo na ɗaya shi ne Thanawin, wai jikan Yai Thongsa, yaron da ko karnukan Non Kham ba su san ƙamshinsa ba. Ta biyu ita ce Pailin 'yar Bunthan manomin rogo, wadda aka binne cibiyarta a bayan gidansu. Ranar Juma'a kwamitin makarantar zai zo ya tambayi mai gida baki da baki: yaron nan a gidanki yake? Yanzu mai gida ta mutu. Wanda ya rage a tambaya shi ne dagaci.

*

Kafin Wanpen ta koma ofis, shugaban ofishin ya riga ya aika an kamo Bunthan. Shi a wurinsa magana ta ƙare: ga barazana a bainar jama'a, ga dalili, ga wanda ba shi da lauya. A kan bencin ƙofar ofis ta tarar da wata siririyar yarinya cikin kayan makaranta, rungume da ɗan kwandon shinkafa. Ba ta kuka. Ta miƙe ta gaishe ta da ladabi.

"Ni ce Pailin, ranki ya daɗe. Ki ce wa Baba na janye. Su riƙe kujerar, su sake shi."

"Zauna. Ba a janye komai ba tukuna."

Bunthan ƙato ne, rana ta ƙone shi, tafin hannunsa duk kanta. Yana zaune a ɗakin tambaya kamar an ɗora masa buhu a wuya.

"Ka ce sai ka ga bayanta?"

"Na faɗa. Na sha giya ranar. Ko ban sha ba ma zan faɗa."

"Jiya ka je gidanta."

"Da tsakar rana. Na je in zage ta ne, ba zan ɓoye miki ba. Yarinyar nan tun tana aji uku take karatu da fitilar waya a bukkar gona. Uwarta ta mutu wajen haihuwar ƙaninta a bayan motar a-kori-kura, a hanyar zuwa birni, don ranar likitanmu ba ya nan. Sai wani ɗan gata da ko sunan haikalinmu bai sani ba..." Ya haɗiye sauran.

"Sai ka zage ta."

"Ina! Ban samu dama ba. Ina hawa ta ce, Bunthan, rufe bakinka ƙuda zai shiga, zauna. Ta ce ita da aka kawo mata maganar cewa aka yi taimakon yaro ne ya shiga makaranta, ba ta san kujerar wani za a ɗauka ba. Ta ce ranar Juma'a za ta faɗa musu yaron nan bai taɓa kwana a gidanta ba, ta tsufa da ƙarya a gaban baƙi. To ni da na ji haka, me zan kashe ta in samu? Ita ce fa shaidata, ranki ya daɗe!"

"Wa ya ji ta faɗi haka?"

"Ba kowa. Ni da ita ne."

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Ga farin zare a wuyan hannunsa na dama, gumi ya fara dafar da shi. Ta juya shi ta duba ƙullin a hasken taga. Fari ne, ba ɗigon shuni. Ta tura Saje wurin awon rogo, ya dawo da cewa tun ƙarfe biyu Bunthan ke lodi a can har duhu, mai sikeli da 'yan dako duk sun gan shi. Shugaban ofishin ya ce 'yan dako ai abokan shan giyarsa ne, a ci gaba da tsare shi. Wanpen ta cije leɓe ta fita, ta karɓi kwandon shinkafar daga hannun yarinyar ta kai masa da kanta.

*

Washegari Alhamis suka kama hanyar Udon tun da asuba. Uwar Thanawin, Dokta Orawan, tana da asibitinta na wankin ƙoda a tsakiyar birnin, bene mai gilashi da sanyin na'ura. Ta karɓe su a ofis, mace mai tsabta da taƙaitacciyar magana, ɗanta na zaune gefe yana kallon takalmansa.

"Yai Thongsa me take gare ki, Dokta?"

"'Yar'uwa ce ta nesa."

"Ta wane ɓangare?"

"Ta nesa, na ce."

"Sunan mijinta marigayi fa?"

Dokta ta kau da kai. Wanpen ta juya ga yaron.

"Kai jikanta, a wane ɗaki kake kwana idan ka je?"

"Na... na sama."

"Gidan duka sama ne, ɗan samari. Ƙasa kaji ne da tukwane."

"Laftanar," in ji Dokta, "bari in rage miki wahala. Mun je shekaranjiya da safe, na kai mata 'ya'yan itace, na roƙe ta ta tsaya a kan maganar da aka yi. Ta ƙi. Mun baro ƙauyen kafin sha ɗaya. Daga ƙarfe uku ina nan cikin marasa lafiya har dare, ma'aikatana da na'urar ɗaukar hoto za su nuna miki. Ɗana yana da makin da zai shiga ko'ina a ƙasar da ake adalci. A birnin nan yara dubu nawa ke neman kujerun da ba su kai ɗari ba? Maki biyu ya rasa a gwaji. Ke uwa ce?"

"A'a. Ni 'yar marina ce. Da ta ƙi, wa kika faɗa wa?"

"Na kira wanda ya kamata."

"Wa?"

"Wannan sai lauyana ya zo."

"Ta ɗaura muku zare?"

Yaron ne ya amsa. "Ta ɗaura. Yana min ƙaiƙayi, na yanke da abin yankan farce a mota. Na yanke wa Mama ma."

Saje Khamphong ya zabura har hularsa ta faɗi. "Ka yanke? Da ƙarfe? Kai, yaro! Zaren kurwa sai ya kwana uku a hannu, sannan a kwance shi da yatsa, ko a bar shi ya faɗi da kansa. Wanda ya yanke ai kurwarsa ya yanke! A garinmu ko mahaukaci ba ya wannan. Wai jikan Non Kham!"

Guntayen zaren suna nan a aljihun ƙofar mota. Wanpen ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Farare tas.

Suna fitowa ta zauren da aka jera gadajen wanki, Saje ya ja birki ya taɓa ta. A gado na ƙarshe wata mata ce kwance, fatarta ta yi toka-toka, robobi biyu sun fita daga hannunta zuwa na'ura.

"Mae Lamai! Ashe nan kike zuwa?" Ya juyo ya rage murya. "Matar dagaci ce."

Matar ta yi murmushin gajiya. "Sau biyu a mako, Saje. Motar asibitin ce ke zuwa har bakin titinmu ta ɗauke ni. Asibitin gundumarmu ba na'ura, na lardi kuma layi, wasu a layin suke mutuwa. Dokta ce ta ji tausayinmu. Shekara biyar ke nan ba ta karɓi ko baht ɗaya a hannunmu ba."

"Shekara biyar," in ji Wanpen.

"Cif. Yaya kuka baro min maigida? Mutuwar Yai ta taɓa shi. Ba ya cin abinci, ga wani sabon salo, da rigarsa yake kwana a wannan zafi."

Wanpen ta gyara mata bargo, ta yi mata sannu. Suka koma mota. Ta so a ce Dokta ce ta yi kisan, da ta ji daɗin sa mata ankwa. Ta dubi agogo ta ce wa Saje ya taka, yau da yamma ake zuba wa gawa ruwa.

*

Da yake ba mutuwar kwance ba ce, daga wurin likitan gawa haikali aka wuce da ita, ba a kai ta gida ba. An kwantar da ita a kan gado a zauren, an lulluɓe ta, an fito da hannunta na dama a kan matashi, tafin a buɗe, ƙasansa kwano. An wanke hannun iya wankewa, shunin ya ƙi fita. Jama'a suka yi layi, kowa ya ɗebi ruwan furanni a 'yar moɗa ya zuba a tafin yana neman ta yafe masa abin da ya yi mata. Wanpen ta cire takalma ta karɓi aikin miƙa moɗa daga hannun Mae Buasi.

Manya ne ke fara zubawa. Bayan babban sufi da tsofaffi biyu, aka matsa wa dagaci. Ya durƙusa. Ya miƙo hannun hagu.

"Da dama, Baba Dagaci," in ji Wanpen a hankali. "Uwa ce."

Ya dube ta, ya sauya hannu. Da ya miƙa ya kai kan tafin, hannun rigar ya ja baya kaɗan. Ruwan ya zube rabi a matashi. Ga zaren nan, ya tura shi can sama ƙarƙashin maɓalli, amma ƙullin ya leƙo. Shuɗi ne.

Ba ta tona shi a gaban gawa ba. Ta bari ya tashi, ta bi shi, ta ce su zagaya bayan zaure. Ƙarƙashin wata tsamiya suka tsaya, Saje ya tsaya daga nesa kaɗan.

"Ɓalle maɓallin, Baba."

Bai yi gardama ba.

"Ka ce an fi mako rabonka da ita."

"Tsohon zare ne. Tun bikin..."

"Kar ka ƙara wa kanka. Hannun marina kullum shuɗi ne, amma busasshen shuni ba ya bin zare. Sai jiƙaƙƙe. Ranar Talata ta ɗaura wa Dokta da ɗanta da safe, nasu fari. Ta ɗaura wa Bunthan da rana, nasa fari. Ba ta buɗe tukunya ba sai ƙarfe huɗu, Mae Buasi ta gani. Wanda ya zo bayan nan ya same ta da hannu a cikin rini. Ta bar tukunya a buɗe ta hau sama da shi, ta yanko zare da ɗanyen hannu, ga sawun yatsunta a curin. Ba ta sake saukowa da ƙafarta ba. Mutum ɗaya ne ke yawo da shunin nan a hannunsa. Dokta ta kira ka da rana ta ce tsohuwa ta juya. Kai ka sa sunan yaron a gidan, kai ka sa hannu a shaida, kuma ɗazu na ga abin da aka biya ka da shi. Yana kwance a gado na ƙarshe."

Dagaci ya zauna a kan saiwar tsamiyar.

"Cewa Dokta ta yi in yaron ya rasa kujerar, motar ba za ta sake zuwa ba. Haka kawai ta ce, ta kashe waya." Ya dubi zaren. "Na je roƙo ne. Na durƙusa mata a barandar nan. Na ce Yai, kalma ɗaya ce, ki ce eh, Lamai ta rayu. Ta ce, Sawaeng, ita matar Bunthan da ta mutu a bayan mota fa, ba matar mutum ba ce? Ta ce za ta sayar da zannuwanta duka a kai Lamai wani wurin. Zannuwa! Na fara rawar jiki, ban san ina yi ba. Sai ta ce, ka ga, kurwarka ta gudu, kawo hannun. Ita ta yanke min cibiya, 'yata. Ta ɗaura tana kira, dawo, dawo gida. Ta gama ƙulli ta ce, to, yanzu kana da ƙarfin da za ka tsaya kusa da ni ranar Juma'a mu faɗi gaskiya tare." Ya ɗaga hannun. "Tana riƙe da hannuna. Fizgewa na yi, na ture ta. Katakon ya ruɓe, ban san ya ruɓe haka ba."

"Ka sauka ka duba ta?"

"Tana numfashi."

"Ka kira wani?"

Ya sunkuyar da kai. Wanpen ta ji tausayin da ya fara taso mata ya koma ciki. Daga gidan zuwa asibitin gunduma ba nisa, kuma ranar likitan yana nan.

"Kwana biyu kana da wuƙa a gida," in ji ta. "Me ya hana ka yanke shi ka jefa a wuta? Da ba ni da komai a kanka."

Ya dube ta da mamaki na gaske, kamar ta tambaye shi me ya hana shi tafiya da ka.

"In yanke? Bai kwana uku ba. Kuma ita ta ɗaura." Ya shafa ƙullin da babban yatsa. "Gobe nake jira in kwance."

Saje ya matso da ankwa. Da zai sa, sai da ya tura zaren sama da yatsa don kar ƙarfe ya taɓa shi.

*

Ranar Juma'a kwamitin ya zo, mutum uku cikin motar makaranta. Ba mai gida, ba dagaci. Wanpen ta zaunar da su a ƙarƙashin gidan Yai Thongsa ta ba su bayanin da Sawaeng ya sa wa hannu, Mae Buasi kuma ta ƙara musu da nata ba a tambaye ta ba, har da sunayen duk karnukan da suka yi wa yaron haushi ranar Talata. Kafin yamma aka soke sunan Thanawin. Shugabar kwamitin ta kira Pailin ta ce ta shirya, watan Yuni za a fara karatu. Game da Dokta Orawan, lauyoyinta suka ce ita taimakon wata matar ƙauye kawai ta yi, kuma kiran waya ba laifi ba ne. Har yau maganar tana teburin wani a lardi.

Da aka saki Bunthan, ya fito ƙofar ofis yana ƙifta ido. Bai rungumi 'yarsa ba, mu ba ma haka. Ya tsaya ya sa haƙori da farce yana fama da ƙullin da ke hannunsa har ya kwance, ya ce ta miƙo nata.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Cewa Yai ta yi in riƙe miki, in kin samu in ɗaura. Ni ban iya kiran ba."

Ya ɗaura a karkace. Sai a lokacin yarinyar ta yi kuka.

Ranar Litinin Wanpen ta koma Non Kham don ta mayar wa dangin mamaciyar da makullin gida. A rumfar jiran mota da ke bakin titi ta hangi Mae Lamai zaune da 'yar jakarta a cinya da bargonta a naɗe, ta yi kwalliyar fita. Rana ta riga ta take. Motar asibitin da asuba take zuwa. Pailin na tsaye kusa da ita, ta dawo daga kai wa babanta abinci gona, ta kasa wucewa.

Wanpen ta tsayar da mota. Ta ce wa Mae Lamai za ta kai ta asibitin lardi a sa sunanta a layi, ta san wata ma'aikaciyar jinya a can. Matar ta gyaɗa kai, ba ta tashi ba tukuna. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya nutse. Ta kama hannun yarinyar ta juya zaren tana dubawa.

"An ce ke ce likitarmu."

"Eh, Mae."

"Shekara nawa ake yi?"

"Shida."

Mae Lamai ta dubi titin da ya miƙe zuwa Udon, ba komai a kansa sai wata motar rogo da ke tafiya can nesa. Ta saki hannun, ta dafa sandar rumfar ta miƙe da ƙyar.

"To, 'yata," ta ce, "ki yi sauri."